SHARHI: A GWADA KAFIN A ZUBA KWALTA



Mun san akwai waɗanda za su buɗe wannan shafi, su ga maganar motoci da kwamfuta, su ce to, Edita kuma yau ina ya dosa? Ga matsalar ɗakunan kwana, ga ta ruwa, ga ta kuɗin makaranta, duk ya tsallake su ya tafi yawo a titunan Amurka, alhali kuwa mafi yawanmu ko keke ba mu mallaka ba. Muna roƙo a yi mana haƙuri a bi mu zuwa ƙarshe. Dalilinmu shi ne, nan da 'yan shekaru kaɗan, waɗansu daga cikin masu karanta wannan mujalla su ne za su zauna a Ma'aikatar Ayyuka, a ajiye musu fayil a gaba, a ce su sa hannu a kan kwangilar gadar sama, ko ta faɗaɗa babban titi, wadda kuɗinta zai isa a gina makarantu da asibitoci masu yawa. Ran nan ba ranar fara koyo ba ce. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Bari mu fara da wani abu da ya faru a Jihar Minnesota ta Amurka a shekarar 2000. A manyan hanyoyin tagwayen biranen Minneapolis da Saint Paul akwai wata dabara ta rage cunkoso: a bakin kowace mashiga, watau ɗan guntun titin da mota ke bi ta hau babbar hanya, an kafa danja wadda ke sakin motoci ɗaya bayan ɗaya, da 'yar tazara a tsakaninsu. Dabarar tsohuwa ce, domin tun 1963 aka fara ta a birnin Chicago, inda da farko ɗan sanda ne ke tsayawa yana ɗaga wa direbobi hannu ɗaya-ɗaya. To, mutanen Minnesota suka gaji da jira a bakin danja, suna ganin babbar hanya a gabansu tana gudu su kuwa an tsare su. Ƙorafi ya yi yawa har ya kai majalisar dokokin jihar, majalisa ta ba da umarni a kashe danjojin a ga abin da zai faru. A watan Oktoba na wannan shekara aka kashe guda 433, aka bar su a kashe har mako takwas, ana auna kome.

Da aka tattara lissafi sai aka ga yawan motocin da manyan hanyoyin ke iya wucewa da su ya ragu da kashi 9 cikin ɗari, lokacin da tafiya ke ci a kansu ya ƙaru da kashi 22, haɗarurruka kuma sun ƙaru da kashi 26. Gani ya kori ji. Aka mayar da danjojin, amma da gyara, aka rage tsawon jiran da ake sa direba ya yi.

Wannan labari yakan burge mutane, mu ma ya burge mu, domin hukuma ce ta yarda a jarraba maganarta a bainar jama'a. Amma a sake duba lissafin nan na ƙarshe. Ƙarin haɗari na kashi 26 cikin ɗari ba a kan takarda ya faru ba, motocin mutane ne suka yi karo, da mutane a cikinsu. Watau an sami amsa, amma jama'a ce ta biya kuɗin tambayar. Kuma wannan gwaji ne mai sauƙi, wanda ake yi da kashe wuta a kunna. Gada fa? Wa zai gina gadar sama domin gwaji, in ba ta yi amfani ba ya rushe ta bayan mako takwas? Abin da aka zuba wa siminti ya zauna ke nan, da kuskurensa da bashinsa, har jikoki.

Nan ne amfanin abin da ake kira kwaikwayon kwamfuta ya bayyana. Kafin mu faɗi yadda yake, ya kamata mu fahimci shi cunkoson kansa, domin yawancinmu mun ɗauka cewa duk inda motoci suka tsaya, to, lalle akwai tirelar da ta faɗi a gaba, ko shingen bincike, ko rami. Sau da yawa haka ne. Amma duk wanda ya saba tafiya ya taɓa shiga dogon layi, ya yi ta jan jiki, ya fita daga cikinsa bai ga kome ba. A shekarar 2008 waɗansu masana a Japan, ƙarƙashin jagorancin Yuki Sugiyama na Jami'ar Nagoya, suka bayyana sakamakon wani gwaji: sun jera motoci 22 a kan da'ira mai tsawon mita 230, suka ce wa direbobin su yi ta zagayawa da gudun kimanin kilomita 30 a awa. Babu mahaɗa, babu danja, babu rami. Ba a daɗe ba sai ga cunkoso ya ɓullo da kansa, har waɗansu motocin suna tsayawa cik. Wani direba ya ɗan taka birki, na bayansa ya taka fiye da nasa, na uku ya fi na biyu, kafin a kai na goma an tsaya. Kuma suka ga shi wannan curin cunkoso yana tafiya da baya, yana saɓa wa motocin, da gudun kimanin kilomita 20 a awa.

Abin lura shi ne, layi ɗaya na babbar hanya yana iya wucewa da ƙananan motoci kimanin 2,000 a awa guda, watau mota ɗaya a cikin abin da bai kai sakan biyu ba. Muddin ba a kai wannan iyaka ba, hanya tana gudu. Da an matso kusa da ita, ƙaramin kuskure ya isa ya wargaza tafiyar, kuma da zarar ta wargaje, hanyar takan koma tana fitar da motoci ƙasa da yadda take fitarwa kafin ta cushe. Kowa ya taɓa ganin yadda ake fita daga babban ɗakin lacca ta ƙofa ɗaya ya san wannan: in aka bi sannu a hankali kowa ya fice da wuri, in aka yi turereniya ƙofar ta toshe. Hikimar danjar mashiga ke nan, a tsare mota goma na minti biyu domin kada mota dubu su tsaya na rabin awa.

Masana sun daɗe suna neman su sa wannan hali cikin lissafi. Tun 1935 wani Ba'amurke, Bruce Greenshields, ya auna yadda gudu ke raguwa gwargwadon yadda motoci ke matsuwa. A 1955 Lighthill da Whitham, malaman lissafi a Ingila, suka kwatanta tafiyar motoci a doguwar hanya da tafiyar ambaliya a cikin kogi. A 1992 kuma Jamusawa biyu, Kai Nagel da Michael Schreckenberg, suka fito da wata hanya mai sauƙin gaske. Suka yanka titi gida-gida, kowane gida mita 7.5, daidai wurin mota ɗaya, suka ba kowace mota ƙa'ida huɗu. In akwai sarari ki ƙara gudu. In kin matso ta gabanki ki rage. Wani lokaci, haka kawai ba dalili, ki ɗan rage. Sa'an nan ki matsa gaba gwargwadon gudunki. Da waɗannan ƙa'idoji huɗu kaɗai sai ga cunkoso yana haihuwar kansa a cikin kwamfuta, yana ja da baya, kamar yadda yake yi a kan kwalta. Ƙa'ida ta uku, wadda ita ce sakacin ɗan Adam, ita ke haddasa shi. Ɗalibin da ya yi zango ɗaya yana koyon tsara manhaja zai iya rubuta wannan a dare guda.

Manhajojin da injiniyoyi ke aiki da su a yau, irin su VISSIM ta Jamus da Aimsun ta Sifen, sun fi wannan zurfi, amma tushen ɗaya ne. Ana zana hanyar a cikin kwamfuta da layukanta da kwanoninta da hawa da gangara da mashigai da mafita. Sa'an nan a ba ta ƙidayar motoci: nawa ke shigowa ta nan, ina suka nufa, da ƙarfe nawa, nawa ne manya nawa ne ƙanana. Kowace mota a ba ta direba da halinsa, wani mai gaggawa, wani mai tsoro, wani mai bin ta gabansa kamar zai shige cikinta. Daga nan kwamfuta ta riƙa lissafa abin da kowannensu zai yi, sakan bayan sakan, ko ma ƙasa da haka. Injiniya sai ya canja abu ɗaya ya sake kunnawa. Ya sa danja a mashiga ya gani. Ya rage iyakar gudu a lokacin matsi, kamar yadda aka fara yi a hanyar M25 mai kewaye Landan a 1995, ya gani. Ya keɓe layi ɗaya domin bas-bas, ya ƙara layi, ya rufe wata mafita, ya jefa tirela a tsakiyar hanya ya ga minti nawa za a yi kafin layi ya kai kilomita biyar. Dabara ashirin zai gwada a mako guda, ba wanda ya makara aiki, ba wanda aka kai asibiti. Masana a Jami'ar Minnesota ma da irin wannan kwaikwayo suka riƙa auna tsare-tsaren danjojin jiharsu bayan wancan gwaji.

Ra'ayin wannan mujalla, saboda haka, shi ne bai kamata a ƙara kashe dukiyar jama'a a kan wani babban aikin rage cunkoso ba sai an fara gwada shi ta wannan hanya, an kuma kwatanta shi da dabarun da suka fi shi araha. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Amma fa ba mu ce a mayar da kwamfuta boka ba. Abin da muke tsoro ya fi ƙin gwajin muni, shi ne a yi gwajin ƙarya. Waɗannan manhajoji suna fitar da majigi mai ban sha'awa: motoci masu launi-launi suna sulalawa a kan gada, ga itatuwa a gefe, ga inuwa. In aka haska wannan a ɗakin taro, aka kashe fitila, manya suka gyara zama, to, wuya ne ƙaramin ma'aikaci ya ɗaga hannu ya ce yana da tambaya. Alhali kuwa kwamfuta ba ta san kome ba sai abin da aka ɗura mata. Abin da ka shuka shi za ka girba. Wanda ke son gadarsa ta fito da kyau ya san lambar da zai ɗan taɓa, kuma ba wanda zai gane daga kallon majigi.

Ko da an yi da gaskiya ma, akwai ramin da masu ilmi kan faɗa. A birnin Houston na Jihar Texas an faɗaɗa babbar hanyar Katy, aka gama a 2008, bayan an kashe dala biliyan 2.8, har a waɗansu wurare ta kai layi 26 in an haɗa da titunan gefe. Da farko an sami sauƙi. Amma daga 2011 zuwa 2014 lokacin tafiya tsakanin tsakiyar birni da unguwannin bayan gari ya ƙaru da kimanin kashi 30 cikin ɗari da safe, da kashi 55 da yamma. Me ya faru? Da hanya ta buɗe, wanda da yake sammako ya daina, wanda ke bin wata hanya ya dawo wannan, wanda ke neman gida ya je ya saya can nesa tun da tafiya ta yi sauƙi. Masana tattalin arziki biyu, Gilles Duranton da Matthew Turner, sun nuna a 2011 cewa a biranen Amurka, gwargwadon yadda aka ƙara tsawon layukan manyan hanyoyi, kusan gwargwadon haka tafiye-tafiyen motoci ke ƙaruwa. To, in injiniya ya gaya wa kwamfuta cewa motocin gobe su ne na yau, ya ƙara mata layi huɗu, dole ta nuna masa hanya fayau. Ba ƙarya ta yi ba, tambayar da aka yi mata ta amsa.

Mu ma a ƙasar nan muna da namu darasin. A 1977, lokacin da kuɗin man fetur suka cika birnin Ikko da motoci, aka kafa doka cewa a waɗansu manyan tituna motoci masu lambar mara su fito a waɗansu ranaku, masu lambar cika a waɗansu. A lissafin alli da allo wannan ya raba cunkoso biyu. A zahiri kuwa, masu hali da yawa suka sayi mota ta biyu mai ɗaya lambar, mai mota ɗaya ya kwana a ciki. Kwamfutar da ba a gaya mata cewa mutum yana da wayo ba, ita ma da ta yaba wa wannan doka.

Bugu da ƙari, yawancin waɗannan manhajoji an gina su ne a kan halin direbobin Turai da Amurka, inda kowa ke bin layinsa. Duk ma'aikacin da ke shiga Abuja da safe daga Mararaba ko Nyanya ya san cewa titi mai layi uku yakan koma mai biyar, ya san motar haya takan tsaya ɗaukar fasinja a inda ta ga dama, ya san mai talla da mai tsallaka titi. A Kano kuwa 'yan adaidaita sahu ne suka cika titi, kuma ba sa tafiya yadda ƙaramar mota ke yi. In aka ɗauko manhaja aka kunna ta da halin direban Jamus, amsar da za ta bayar ta Jamus ce. Ana iya gyara wannan, domin manhajojin suna da wurin canja halin direba da girman abin hawa, amma sai wani ya tsaya a rana ya ƙirga, ya auna, ya rubuta. Ƙa'idar masu wannan sana'a ita ce, kafin a yarda da abin da kwaikwayo ya faɗa game da gobe, sai ya fara nuna cunkoson yau: ya taso a inda yake tasowa, a lokacin da yake tasowa, layin ya kai inda yake kaiwa. Wanda ya kasa faɗin abin da ke gabansa, ina zai san abin da ke tafe?

Akwai kuma tambayar da ba ta lissafi ba ce sam. A Minnesota, danjar mashiga ta rage wa jama'a lokaci in an haɗa jimla, amma waɗansu ne suke jira a bakinta domin waɗansu, masu tasowa daga nesa, su wuce a guje. Shi ya sa bayan gwajin aka sa wa jiran iyaka, ko da hakan zai ɗan rage wa babbar hanya gudu. Kwamfuta za ta faɗa maka minti nawa aka ceto. Ba za ta faɗa maka ko daidai ne a ceto wa mai mota minti goma a ƙara wa mai ƙafa ashirin wajen neman inda zai tsallaka ba, ko a tashi kasuwar da ɗaruruwan iyalai ke ci daga gare ta. Kuma in aka ce mata ta ƙirga motoci, za ta ɗauki bas mai mutum hamsin daidai da motar mutum ɗaya, sai in an ce ta ƙirga mutane. Wannan hukunci na adalci ne, kuma a wuyan ɗan Adam yake.

Saboda haka muna kira ga yayyenmu ma'aikata, duk ranar da aka haska muku irin wannan majigi, ku daure ku yi tambaya, cikin ladabi amma ba tare da tsoro ba. Wa ya ƙirga motocin nan, yaushe, kwana nawa? An nuna cewa kwaikwayon ya dace da cunkoson yau? An sa adaidaita sahu da babur da tirela da masu tafiya a ƙasa? An yi la'akari da motocin da sabuwar hanya za ta jawo nan da shekara goma? An gwada dabara mai araha, kamar gyara tashar motocin haya, ko keɓe wa bas layi irin wanda Ikko ta fara a 2008, kafin a zaɓi mai tsada? Sau nawa aka maimaita gwajin, tun da yake akwai sa'a a cikinsa, kuma ba a yanke hukunci da kunnawa ɗaya? Ku nemi a rubuta amsoshin a cikin fayil. Mai aikin gaskiya ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba.

Muna kira ga hukumomi su riƙa bayyana wa jama'a lissafin da aka dogara da shi, sa'an nan bayan an buɗe hanya da shekara ɗaya ko biyu a koma a auna, a faɗi abin da aka yi alkawari da abin da aka samu. Ta haka ne kaɗai kuskuren bana zai zama ilmin baɗi.

Mu kuma ɗalibai, ba mu da hujjar naɗe hannu. Akwai manhaja mai suna SUMO, wadda Cibiyar Binciken Sararin Samaniya ta Jamus ta fara ginawa tun 2001, kyauta ce ga kowa, kuma ƙaramar kwamfutar ɗalibi tana ɗaukarta. Abin da babu shi ne ƙidayar titunanmu, ita kuwa ba ta bukatar kome sai takarda da alƙalami da agogo da haƙurin tsayuwa. Me zai hana ɗalibin injiniya da na lissafi da na labarin ƙasa da na nazarin zaman jama'a su haɗu, su ɗauki shataletale ɗaya da ya addabi gari, su ƙirga shi mako biyu, su gina shi a kwamfuta, su kai wa hukuma sakamakon? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wannan ya fi kundin kammala karatu da aka kwafo daga na bara, wanda ƙura za ta ci a kan kanta. Muna roƙon Ƙungiyar Ɗalibai da malamanmu su duba wannan shawara, kuma shafukan wannan mujalla a buɗe suke ga rukunin farko da ya yi aikin.

Kuɗin da ake zubawa a tituna na manomi ne da ɗan kasuwa da leburan da ba su taɓa shiga jami'a ba, su ne kuma suka biya aka koya mana lissafi. Mafi ƙarancin abin da za mu sāka musu da shi shi ne, in aka zo kashe dukiyarsu, a sami wani a ɗakin da ya san abin da zai tambaya, ya kuma tambaya kafin a sa hannu. Da na sani ƙeya ce.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya sa mu riƙe amanar da za a ɗora mana, amin.

Edita